Kada gadon jinya ya zama fitowarsu ta ƙarshe: buɗaɗɗiyar wasiƙa ga shugabannin masana'antar finafinan Hausa

Zuwa ga shugabannin ƙungiyar masu sana'ar fim ta MOPPAN, da Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, da Hukumar Finafinai ta Najeriya da ke Jos, da duk furodusan da ke cin abinci da fim ɗin Hausa.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku, ina neman afuwa tun daga farko, domin wanda bai taɓa riƙe kyamara ba ne zai yi muku magana a kan sana'arku. Ni tela ne a cikin birnin Kano. Shekarata 58, fiye da 40 daga ciki a kan keken ɗinki na yi su. Alaƙata da ku ta ɗan kallo ce, sai kuma wasu 'yan shekaru da na yi ina ba da hayar kaset a gefen shagona. Amma wanda ya shekara 45 yana kallo, ina ganin ya samu bakin magana.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru ne wata Laraba bayan la'asar. Ina tsaka da haɗa wuyan kaftani sai ɗaya daga cikin yaran shago ya miƙo mini wayarsa, ya ce, "Baba, duba, an ce ɗan wasanku ne na da." Na karɓa. Wani dattijo ne kwance a kan tabarma, an tokare masa baya da matashi, ƙafarsa a kumbure, wani yana tsaye a kansa da waya yana ce masa ya yi wa jama'a bayani. A ƙasan hoton an rubuta lambar asusun banki. Na dubi fuskar, ban gane ta ba. Na laluba aljihu na sa tabarau, duk da haka ban gane ba. Sai da ya buɗe baki ya yi sallama, muryar ta dake ni a ƙirji. Muryar nan na san ta tun ina yawo da gajeren wando. Ba zan ambaci sunansa ba, an riga an ambace shi fiye da kima a halin da bai kamata a gan shi ba.

Na mayar wa yaron wayarsa na koma kan keke, sai zura zare a allura ya gagare ni. Dama shekara 6 ke nan sai da tabarau nake zurawa, amma ranar ko da tabarau ɗin na kasa.

Mu da muka yi ƙuruciya a ƙarshen shekarun 1970 da farkon na 1980, talabijin ɗaya ce a duk layinmu, marar kala, a gidan wani ma'aikacin gwamnati. Bayan sallar magariba sai ya fito da ita tsakar gida ya ɗora a kan tebur, mu yara mu zube a ƙasa, manya a kan benci, mata daga bakin ƙofar ɗaki. A nan na fara ganin Samanja, Usman Baba Pategi, yana zuba Hausar bariki gauraye da guntun Turanci. Mutumin ya yi aikin soja na gaske, shi ya sa in ya daka tsawa har mu da ke zaune a ƙasa sai mun gyara zama. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ba mai yawan dariya ba ne, amma na sha ganinsa yana share hawaye da bakin rawaninsa saboda Samanja. A nan na ga Ƙasimu Yero daga Kaduna, wanda in ya yi wasa da Hausa ka rantse bai san boko ba, in ya juya Turanci ka ce a can aka haife shi. A nan na ga Karkuzu daga Jos. Da gwamnatin Abubakar Rimi ta buɗe gidan talabijin na CTV a Kano sai abin ya ƙaru, muka samu namu na gida, masu magana irin ta bakin Kurmi da Fagge.

A idon yaro, mutumin cikin akwatin talabijin ba ya tsufa. Ban taɓa tunanin suna biyan kuɗin haya ba, ko suna da 'ya'yan da ke zazzaɓi da dare. A wurina suna nan a ajiye cikin akwatin, ana kunnawa su fito.

Daga 1990, lokacin da 'yan ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa suka fitar da fim ɗin Turmin Danya, sai wasan ya tashi daga gidan talabijin ya koma kaset. Ni kuma a lokacin na fara tsayuwa da ƙafata, na yi aure, na sayi bidiyo da ƙaramar talabijin na kafa a shago. Ɗinkin sallah da yawa da finafinanku na yi shi, ido a kan allura, kunne a kan magana, har asuba. A 1999 mujallar Tauraruwa ta raɗa wa masana'antar suna Kannywood, a shekarar kuma mujallar Fim ta fara fitowa, nakan saya in karanta, yara su yanke hotunan su liƙa a bango. Jaruman wannan zubin sa'o'ina ne da ƙannena. Tare muka yi samartaka, su a cikin gilashi, ni a bayan keke.

Akwai waɗanda Allah bai ba su aron tsufa ba. Balaraba Muhammad ta rasu a hatsarin mota a 2003, lallen amarci bai goge daga hannunta ba. Ahmad S. Nuhu ya tafi ranar 1 ga Janairun 2007, Hauwa Ali Dodo ranar 1 ga Janairun 2010, su ma a kan hanya. Rabilu Musa Ibro ya rasu a Disambar 2014. Waɗannan in na ci karo da su yau a waya, suna nan yadda na bar su, fata sumul, baƙin gashi, ƙafa da sauri. Ni ne na wuce su. Ahmad da nake kallo a matsayin ƙanena, yanzu ɗana na fari ya girme wa shekarun da ya rasu a kai. Wannan wani irin ciwo ne na daban, amma aƙalla babu hannun kowa a ciki, sai addu'a.

Waɗanda Allah ya ja kwanansu kuwa, a gaban idona suka sauya, kuma duk sauyin da na gani a jikinsu sai na shafa na ji shi a nawa. Ranar da na fara ganin furfura a gemun wani jarumi da aka saba gani yana tsalle a cikin lambu, washegari na tsaya a madubin shago na ƙirga tawa. Ranar da na ga wata jaruma da muka sani da rawar kai ta fito a matsayin kaka, tana dafa bango kafin ta zauna, sai na tuna matata ma ta fara sallar nafila a zaune saboda gwiwa. Da Saratu Giɗaɗo, Daso, ta rasu cikin azumin 2024, aka ce shekararta 56, na yi shiru na daɗe, domin daidai da nawa ke nan a lokacin. Allah ya faɗa a Suratur Rum cewa ya halicce mu daga rauni, sannan ya ba mu ƙarfi, sannan ya mayar da mu ga rauni da furfura. Na haddace ayar tun ina makarantar allo, amma a fuskokin 'yan wasanku na ga tafsirinta.

Tsufan nasu bai dame ni ba, ranku ya daɗe. Tsufa riga ce da kowa ke roƙon Allah ya kai shi ya sa. Yadda suke tsufan ne ya hana ni barci.

Mu teloli muna riga madubi sanin mutum ya fara manyanta. Akwai mutanen da na shekara 30 ina yi musu ɗinki, awonsu na cikin littafina. Wata rana mutum zai kawo yadi ya ce, "Yi mini irin na bara." In ɗora tef a kafaɗarsa in ga ta rage, wuya ya saki, tsayin da ya saba tsaya masa a idon sawu yanzu zai share ƙasa domin baya ya fara ranƙwafawa. Ba na faɗa masa. Sai in rage a ɓoye, in gyara yadda rigar za ta zauna, ya sa ranar Juma'a ya fita da kwarjininsa. Abin da maigidana ya koya mini ke nan tun ina yaron shago, cewa aikin tela sutura ne. Kun kuma san in Bahaushe ya ce sutura, bayan tufafi har da rufin asiri yake nufi. Kalmar ce kuma dai muke faɗa ranar da aka naɗe mutum a likkafani.

Wannan ta ƙarshen kuna yin ta, ban musa ba. Duk ranar da ɗan fim ya rasu muna ganin kun cika ƙofar gida da maƙabarta, hotunansa sun cika Facebook, kowa yana ba da labarin kirkinsa. Allah ya ba da lada. Ta tsakiyar nake tambaya, suturar mai rai.

Ku dubi Karkuzu, Abdullahi Shu'aibu. Mutumin da ya sa arewa dariya tun kafin a haifi yawancin masu shirya fim na yau, ya tsufa, idonsa ya tafi, sai da ya fito duniya ta ji ba shi da muhallin kansa. Ɗan ƙwallo Ahmed Musa ne ya saya masa gida a 2023, Allah ya saka masa da alheri, kuma dattijon ya samu ya ƙarasa kwanakinsa a inuwarsa kafin ya rasu a Maris ɗin 2025. Na yi murna da kyautar, amma na yi ta juya abin a raina. Da hirar ba ta yaɗu ba fa? Da ba ta faɗa a idon mai hali kuma mai tausayi ba fa? Sadiq Daba, wanda duk Najeriya ta san muryarsa da fuskarsa a NTA, shi ma sai da aka yi ta shelar neman taimako a kan jinyarsa kafin ya rasu a 2021. Sani Garba SK ya daɗe yana fama, har aka sha yaɗa labarin mutuwarsa yana raye yana ji, kafin ta tabbata a ƙarshen shekarar. Kowannensu sai da ya tuɓe rigar mutuncinsa a gaban jama'a kafin a miƙo hannu. Waɗanda kunya ta hana su tuɓewa kuwa, suna can cikin lunguna, sai dai mu ji sanarwa.

A Fabrairun 2022 dattijuwar 'yar wasa Ladin Cima ta yi hira da BBC Hausa, ta ce akan sallame ta da naira 2,000 zuwa 5,000 in ta yi fim. Gari ya ɗauka. Wasu furodusoshi suka fito suka ce su sun biya ta fiye da haka nesa ba kusa ba, wasu suka ce ai fitowa ɗaya ko biyu take yi, kuma da yawan fitowa ake biya. Aka yi makonni ana musayar yawu, masu hali suka ba ta kyauta, ƙura ta lafa, kowa ya koma harkarsa. Ni ban shiga tsakani in ce wane ne mai gaskiya ba, mai yiwuwa kowa ya faɗi abin da ya sani. Abin da ya tsaya mini shi ne amsar da aka bayar da nufin kare kai, wai sin ɗaya ko biyu take yi. To ai nan gizo ke saƙa. Me ya sa matar da ta fara wasan kwaikwayo tun kafin a san kaset ba ta da abin yi a labarinku sai sin biyu?

Na san yadda kuɗin fim ya riƙa tafiya, domin na tsaya a layi wurin 'yan kaset a kasuwar Ƙofar Wambai. Furodusa zai buga kwalaye ya kai wa 'yan kasuwa tare da uwar kaset, su su kwafa su sa a kwali su sayar, a biya shi kuɗin kwalin da ya shiga. Ɗan wasa kuwa tun a lokeshan an sallame shi, sau ɗaya, shi ke nan har abada. Ni da na sayi kaset ɗaya, sai in ba da hayarsa sau 50 ko fiye, ko sisi ba ya komawa ga wanda fuskarsa ke jikin kwalin. A lokacin ban ɗauke shi komai ba, haka kowa ke yi. Yau da nake kallon dattijon nan a kan tabarma, na san akwai guminsa a cikin bulon da na gina ɗakina da shi, kuma ina roƙon Allah ya yafe mini. Bayan kaset aka koma faifan sidi, masu satar fasaha suka yi kaka-gida, sannan masu tura fim a waya suka ƙarasa kasuwar. Yanzu an koma YouTube da tashoshin tauraron ɗan'adam. Tsofaffin finafinan nan da aka yi shekara 20 da suka wuce ana ta ɗora su, mutane irina suna kallo don tuna baya, talla tana shiga, kuɗi yana fita zuwa aljihun mai tasha. Wanda ke cikin fim ɗin yana gida yana lissafin kuɗin allurar ciwon suga. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Za a ce mini wasunsu sun samu a lokacinsu, ba su yi tanadi ba. Akwai masu irin wannan, kamar yadda suke a cikin teloli da direbobi da 'yan kasuwar Kantin Kwari. Amma mafi yawan dattawan da nake magana a kai ba su taɓa riƙe abin da za a kira dukiya ba. Sun yi wasa ne a zamanin da ake yi don sha'awa, a ba ka kuɗin mota da na goro. Suna kuma da wani nauyi da ni ba ni da shi. Ni in na rasa, zan iya zama a bakin kasuwa in yi facin tsummoki, ba mai waiwayata. Wanda duk gari ya san fuskarsa, in ya hau ɗan sahu sai an nuna shi, in ya tsaya layin asibitin gwamnati sai an ɗauke shi hoto, 'yan'uwa da maƙwabta kuma suna ganin mai kuɗi ne suna kawo masa buƙata. Suna ya zame masa kaya, ba ya ci da shi, ba ya kuma iya sauke shi.

Yanzu dama ta zo muku irin wadda ba a taɓa samu ba. A 2023 aka ba Abba El-Mustapha riƙon Hukumar Tace Finafinai ta Kano, a Janairun 2024 aka naɗa Ali Nuhu shugaban Hukumar Finafinai ta Najeriya. Dukansu 'yan wasa ne, sun ci abincin lokeshan a roba ɗaya da dattawan nan, sun durƙusa a gabansu sun kira su Baba da Mama a gaban kyamara da bayanta. Ranka ya daɗe Ali, an haife ka a 1974, na girme ka da shekara 6 kacal. Na kalle ka kana saurayi mai rawa, yau ina kallonka kana fitowa uban amarya. Kai Allah ya rufa maka asiri, muna roƙon ya ƙara. Amma cikin waɗanda kuka fara tare, ka fi ni sanin nawa ne suka iso nan da ƙafafunsu.

Mu teloli rediyo ne abokin aikinmu, don haka muna jin abin da ake ciki. Mun ji an sa hannu a dokar inshorar lafiya ta ƙasa a 2022, wadda ta ce kowane ɗan Najeriya ya shiga. Mun san Kano tana da hukumarta ta taimakekeniyar lafiya, KSCHMA, kuma masu sana'ar hannu suna iya shiga a ƙungiyance. Mun ji tun 2019 aka buɗe tsarin ƙaramin fansho don masu zaman kansu. Ƙofofin suna nan, mai kama hannun tsoho ya shigar da shi ake nema. Hukumar tacewa tana yi wa 'yan fim rajista, kuma kowane fim ko shiri mai dogon zango sai ya bi ta gabanta. Ashe sunayen suna hannunku, mashigar ma tana hannunku. Me zai hana ku zauna da MOPPAN ku yanke wani ɗan abu ƙayyadadde a kan kowane aikin da aka kawo, ya tafi asusu guda wanda ba a taɓa shi sai don biya wa dattawan masana'anta inshorar lafiya? A sa amintattu a kai, har da dattawan kansu, a riƙa karanta lissafin a bainar jama'a duk shekara, domin abin da ke kashe irin wannan asusu a ƙasar nan kowa ya san shi. A layinmu mu teloli 14 ne muke zuba adashi duk Alhamis, muna ware wani abu a gefe. Da ɗayanmu ya kwanta aka yi masa aikin ido, da daddare muka je muka ba matarsa a cikin ambulan, ko maƙwabcinsa bai sani ba. In teloli 14 sun iya, masana'antar da ake kallonta daga Kano har Yamai da Kumasi da Khartum ba za ta ce ta gaza ba.

Batun tsofaffin finafinai kuma, sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023 ta san da haƙƙin mai wasa, akwai kuma ƙungiyar AVRS da aka ba izinin karɓar wa masu fim kuɗin amfani da ayyukansu. Dattijon da ke kwance a Rijiyar Lemo ko Tudun Wada ba zai iya bin wannan da kansa ba. Ku ne za ku bi masa. Tun kafin a kai ga lauya ma, duk furodusan da ya ɗora tsohon fim ɗinsa a YouTube yana ganin abin da ke shigowa a wata, ya kuma san gidajen waɗanda suka yi masa aikin. Ya cire wani kaso ya aika. Ba sadaka ba ce, kada ya ɗauki hoto.

Amma abin da na fi so ku ji, ko da kun watsar da sauran, shi ne maganar aiki. Tsohon ɗan wasa ya fi son a kira shi lokeshan a kan a kawo masa buhun shinkafa. Ku dubi rol ɗin da kuke ba su: boka, maigadi, uwar miji mai masifa, ko uban da zai fito sau ɗaya ya ce ya yanke hukunci, ba a sake ganinsa sai ranar ɗaurin aure. Wani lokacin ma ko wannan ba sa samu, sai a ɗauko yaro ɗan shekara 30 a shafa masa hoda a ka, a liƙa masa gemun auduga, yana tafiya yana kakkarwar ƙarya, alhali mai furfurar gaske yana gida ba a neme shi ba. Mata abin ya fi tsananta a kansu. Jaruma za ta yi aure ta bar fim, bayan shekaru mutuwar miji ko ta aure ta dawo da ita, sai a ba ta uwar wanda jiya-jiya shi ne saurayinta a fim, shi kuwa yana nan yana auren 'yan mata a labari.

Mu da muka tashi da finafinan Indiya a gidajen sinima na Plaza da Orion da Eldorado mun ga yadda suke yi da nasu. Amitabh Bachchan an haife shi a 1942, ya haura 80, har yanzu ana rubuta labari dominsa, a gina fim ɗin gaba ɗaya a kan tsufansa. Mun kwaikwayi rawarsu da waƙarsu shekara da shekaru, wannan ɗin ne ba mu ɗauko ba. Kuma ba labari ne ya ƙare ba. Gidajenmu cike suke da shi. Ga tsohon da ya yi ritaya yana zaryar fansho har takalminsa ya cinye. Ga tsohuwar da 'ya'yanta suka watse Abuja da Legas da Saudiyya, suna turo kuɗi ba sa turo ƙafa. Ga mata da mijin da suka shekara 50 tare, ɗaya ya fara mantuwa har ba ya gane ɗayan. Ga kakar da ke riƙon marayu 7 bayan 'yan bindiga sun tashi ƙauyensu. Wa zai taka wannan in ba wanda ya san nauyin gwiwa da asuba ba? Kuna cewa matasa ne kasuwa. Mu ma muna nan, mu ne muke saya wa matasan data, kuma mun gaji da kallon soyayyar da muka daɗe da bari a baya. Da tsohuwar zuma ake magani, ku kun fi ni sanin haka.

Sai abin da ba ya jira. Shata ya tafi a 1999, Barmani Choge a 2013, Ɗanmaraya Jos a 2015, Ƙasimu Yero a 2017, Samanja a Nuwambar 2023. Mawaƙan sun ɗan yi sa'a, muryoyinsu sun yaɗu a kaset a hannun jama'a. 'Yan diramar talabijin kuwa, da yawan ayyukansu sun salwanta, wasu an ɗora sabon shiri a kan kaset ɗin saboda tsada, wasu zafi da ƙura sun cinye su a sito. Na nemi wasannin da na kalla ina yaro in nuna wa jikokina, abin da na samu 'yan guntaye ne masu dishi-dishi. Hukumar da ke Jos tana da ma'adanar finafinai da sauti ta ƙasa. Ku bi gidajen talabijin na Kaduna da Kano da Jos da Sakkwato ku kwashe abin da ya rage kafin ya ƙarasa ruɓewa. Waɗanda ke raye kuma a zauna da su, ba hirar minti 10 ba, a ba su yini guda su faɗi yadda aka fara, wa ya koya musu, yaya ake haɗa wasa ba tare da rubutu ba, me iyayensu suka ce ranar da suka fara ganinsu a talabijin. Akwai malaman jami'a da suka sadaukar da rayuwarsu ga nazarin wannan fanni, irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu, ba za ku rasa abokan aiki ba.

Ina kuma roƙonku da girman Allah ku yi doka a tsakaninku, ku tsawata wa yaranku masu waya: kada a sake ɗaukar dattijo a kan gadon jinya. Na san masu yi da yawa da kyakkyawar niyya suke yi, suna ganin in ba a nuna ba ba za a taimaka ba, kuma abin takaicin shi ne sau da yawa gaskiyarsu ne. Amma bidiyon ba ya gogewa. Bayan an yi jinyar, bayan an yi jana'izar, yana nan yana yawo a TikTok, jikokinsa suna cin karo da shi, yaran da ba su san ko wane ne ba suna rubuta "kai, wane ya lalace" a ƙasa. Mutumin da ya yi shekara 40 yana zaɓar rigar da zai fito da ita gaban jama'a, a ce da zanin asibiti za a tuna da shi. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ba ya cikinmu wanda ba ya tausayin ƙaraminmu, ba ya kuma girmama babbanmu. In akwai asusun da na ambata, mai waya ba shi da sauran hujja.

Dattijon nan na ranar Laraba, na tura abin da Allah ya hore mini, na kuma sa yaron ya goge bidiyon daga wayarsa. Ya tambaye ni dalili, na zaunar da shi na ba shi labarin wani wasa da mutumin ya yi, wanda ya sa layinmu kaf muka yi mako muna maimaita maganarsa. Yaron ya ce in nuna masa. Muka nema a wayar har aka kira magariba, ba mu samu ba. Na jinyar ne kawai ke fitowa.

Na kai maganar nan wurin adashinmu na Alhamis, kuma mun tsayar da abin da za mu iya. Duk ranar da kuka shirya fara ɗaukar hirar dattawan, mu mun ɗauki nauyin kayan da mutum 10 na farko za su sa, babbar riga da 'yar ciki da wando ga maza, atamfa da mayafi ga iyayenmu mata, yadi da ɗinki duk namu ne. Ba sai an wahalar da su zuwa shago ba, ku haɗa ni da wanda zai kai ni gidajensu, ni zan je da tef ɗina in ɗauki awo. Kwafin wannan wasiƙa kuma zan kawo shi ofishinku na Kano da hannuna, in bar muku yadda za ku same ni.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya yi muku jagora a kan amanar da ke wuyanku.

Wassalam.

Naku,
wani tela, tsohon ɗan kallo, daga birnin Kano.